Da Wane Mudu Ake Auna Mai Raha?

Tsakanin Yola da Jimeta babu wata tafiya mai nisa, mai Keke Napep ma ba ya ɗaukarta a bakin komai. Amma duk baƙon da ya kwana biyu a wuraren nan zai lura cewa ba irin dariya ɗaya ake yi a cikinsu ba. A Jimeta, garin kasuwa da tasha da ofisoshin Gwamnati, inda Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da Bachama da Kilba da Inyamuri suke gogayya da juna tun safe har dare, dariya a fili take, ana yinta da ƙarfi, har da tafa hannu da buga cinya. A cikin Yola kuwa, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, inda fadar Lamiɗo take har yau, dattijo yakan saki maganar da za ta sa mutum ya riƙe ciki, amma fuskarsa ko gezau, sai dai ya ɗan sunkuyar da kai ya gyara bakin rawani. Wanda bai san gari ba sai ya koma gida ya ce mutanen Jimeta masu raha ne, na Yola kuwa ba su san wasa ba. Wannan kuskure ne babba, kuma irinsa ne masana halayyar ɗan Adam na ƙasashen Turai suka daɗe suna faɗawa ciki, tun sa'ad da suka ɗauki aniyar auna raha kamar yadda ake auna hatsi.

Mai karatu zai yi mamaki ya ji cewa akwai masu digiri da suka ƙare rayuwarsu kan wannan aiki. To, akwai su. Tun a 1961 wani shaihin malami na Jami'ar Harvard ta Amurka, Gordon Allport, ya ba da labarin cewa da aka tambayi mutane su kimanta rahar kansu, 94 daga cikin 100 sun ce tasu daidai take da ta sauran jama'a ko ma ta fi. Watau kusan babu mai yarda ya ce shi busasshe ne. Mutum zai amsa cewa ba ya iya lissafi, ko ba ya iya tuƙi cikin dare, amma ka ce masa bai san wasa ba, to, ka taɓo inda yake masa ciwo. Daga nan aka gane cewa tambayar mutum kai tsaye ba ta da amfani, sai an zagayo masa ta bayan gida.

A 1974 wani masani ɗan ƙasar Norwe, Sven Svebak, ya fito da takardar tambayoyi ta auna raha. Amma wadda ta fi bazuwa a duniya ita ce ta Rod Martin da abokan aikinsa na wata jami'a da ke lardin Ontariyo a Kanada, wadda suka buga a 2003. Jimloli 32 ne, mutum ya karanta kowace ɗaya ya ba ta maki daga 1 zuwa 7 gwargwadon yadda ta dace da halinsa. Abin da Martin ya zo da shi sabo shi ne, ya daina tambayar yawan rahar mutum, ya koma tambayar me mutum yake yi da ita. Ya kasa ta gida huɗu. Akwai rahar da ke jawo mutane kusa, irin ta zaman majalisa. Akwai wadda mutum yake yi a zuciyarsa don ya ɗauki wahala da sauƙi. Akwai ta cin fuska, watau ba'a da gatse da muzanta wani. Sa'an nan akwai ta mai mai da kansa abin dariya don dai a karɓe shi cikin mutane. Bincike ya yi ta nuna cewa biyun farko suna tafiya tare da kwanciyar rai da yawan abokai, ta ƙarshen kuwa tana yawan haɗuwa da baƙin ciki da raina kai. An kuma ga maza sun fi mata maki a wajen cin fuska, abin da matan aure ba su bukaci jami'a ta gaya musu ba.

Wannan aiki ne mai kyau, ba a raina shi ba. An fassara takardar cikin harsuna da yawa, har da Larabci da Sinanci. Amma a ɗauko ta a kawo Adamawa a ga abin da zai faru.

A miƙa ta ga wani dattijon Bafulatani a cikin Yola, a tambaye shi ko yakan yi dariya da wasa da yawa cikin mutane. Zai ce a'a, kuma gaskiya ya faɗa. An yi masa tarbiyya bisa abin da Fulani suke kira pulaaku, wanda ginshiƙansa su ne semteende, watau kunya, da munyal, watau haƙuri da danne zuciya, da hakkiilo, watau hankali. Mutumin da ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya cin abinci a gaban surukinsa, ba ya kukan ciwo a gaban jama'a, yaya za a yi ya wage baki yana ƙyalƙyala dariya a bakin hanya? Takardar Kanada za ta ba shi maki kaɗan ta wuce. Amma a bar shi nan zaune har Allah Ya kawo wani Babarbare mai sayar da hula ko turare. Nan take dattijon nan zai rikiɗe. Zai ce, "Kai, bawana, ina ka shiga kwana biyu ba ka zo ka gai da ubangidanka ba?" Babarbaren ya ce, "Wa ya ga bawa da rawani? Je ka ka tatso mini nono tukuna." Za su yi ta yi har masu wucewa su tsaya, a tsokani tsagen fuskar wannan, a tsokani son saniyar wancan, a rabu kowa ransa fari. In da mai takarda yana tsaye a wurin, da sai ya rubuta cewa ga rahar cin fuska tsagwaronta, don an kira mutum bawa a bainar jama'a. Alhali kuwa abin da ya gani zumunci ne na ƙarni da ƙarni. Shi kansa Modibbo Adama a Borno ya yi karatu kafin ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma Fulani da Barebari sun yi zaman tare, sun yi yaƙi, sun yi auratayya, har abin ya koma wasa.

Ga inda mudun Turawa ya gaza ke nan. Shi yana auna maganar ne da kuma mai maganar. A ƙasar Hausa da ƙasar Fombina kuwa ba a yanke wa magana hukunci sai an san wa ya faɗa wa wa. Kalma guda ita ce zumunci a bakin taubashi, ita ce kuma sanadin zuwa gaban alƙali a bakin bare.

Fulani suna kiran wannan dangantaka dendiraagu, Hausawa kuwa taubasantaka ko wasan barkwanci. Tushenta cikin gida yake, tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, watau 'ya'yan wa da na ƙanwarsa. In watan cika-ciki ya kama, ɗan mace yakan bi ɗan namiji ya karɓi kuɗin shara, shi kuwa ya biya yana gorin cewa bawansa ya sallama. Haka kaka takan kira jikanta mijinta ta yi masa gorin bai kawo cefane ba, kakan kuma ya kira jikarsa amarya. Akwai wasa tsakanin mace da ƙannen mijinta. Daga gida abin ya fita ya shiga sana'o'i da garuruwa da ƙabilu: maƙera da Buzaye, Kanawa da Zagezagi, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa. Kishiyar wannan kuwa ita ce kunya, wadda ta haramta ko da murmushin banza tsakanin mutum da surukansa. Yaro yana tashi yana koyon taswirar nan tun kafin ya shiga makarantar allo: wannan a tsokane shi, wannan a durƙusa masa, wannan in ya zage ka ka yi dariya ka rama, wannan in ya shigo ka bar ɗakin.

Turawa masu nazarin al'adu sun lura da abin tun da daɗewa. A 1940 wani Baturen Ingila, Radcliffe-Brown, ya rubuta maƙala a kansa, inda ya bayyana shi da cewa rashin kunya ne da al'ada ta halatta, wanda ake sakawa a daidai inda zumunci da gaba suka haɗu, don kada gabar ta yi rinjaye. Wani Ba'amurke kuma, Phillips Stevens, wanda ya zauna cikin Bachama a ƙasar Numan, ya buga nazari a 1978 a kan ire-iren abokan wasa na wannan ƙabila. Ashe ke nan ƙasar Adamawa ta riga ta shiga littattafan wannan ilimi tun zamanin Jihar Gongola, sai dai 'ya'yanta kaɗan ne suka karanta.

To, in haka ne, da me mutanen nan suke auna mai raha? Don kuwa suna aunawa, kuma awonsu ya fi na takarda tsanani. Ba a rubuta shi ba, amma duk wanda ya zauna a majalisar mai shayi a Jambutu ko Dubeli ko Luggere ya san shi.

Abu na farko da ake dubawa shi ne ko mutum ya san abokin wasansa. Wanda yake wasa da kowa ba a kiransa mai raha, sakarai ake ce masa, ko marar ta-ido. Amma babban gwajin yana wajen ɗauka. Kowa yana iya jifa, ba kowa ke iya tarewa ba. Akwai mutumin da in ya shigo majalisa sai ya bi kowa da tsokana, ana dariya yana jin daɗi, amma ran da aka juyo kansa aka taɓa tumbinsa ko tsohuwar motarsa, sai fuska ta murtuke, jijiyar wuya ta tashi, gobe ba zai zo ba. Irin wannan, komai daɗin bakinsa, jama'a sun riga sun cire shi daga lissafi. Sukan ce wane ya iya yi, bai iya ɗauka ba. A ƙa'idar taubasantaka fushi shi ne faɗuwa. Wanda ya fara ɓata rai shi aka ci, kuma dattawa shi za su ba rashin gaskiya ko da shi aka fi zaga. Wannan horo ne na danne zuciya da ake yi wa mutum a gaban jama'a, ba tare da an kira shi horo ba. In aka duba da kyau, munyal ɗin nan da ya hana dattijon Yola ƙyalƙyala dariya, shi ne kuma ya ba shi ikon jin an kira shi bawa ya yi murmushi.

Sa'an nan akwai sanin lokaci, da sanin inda ake tsayawa. Taubashi yana iya zuwa gidan makoki bayan kwana biyu ya saki wata magana da za ta sa mai takaba ta yi murmushin farko, kowa ya sa masa albarka. Wani kuwa ya faɗi irin maganar a ranar jana'iza, a yi shekara ana tuna masa. Ba a wasa da addinin mutum, ba a ambaton uwarsa, ba a taɓa wani aibi na gaske da yake ɓoyewa. Malamai sukan kawo labarin yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake wasa da sahabbansa ba tare da ya faɗi ƙarya ba, sukan kuma ja kunne da ayar Suratul Hujurati da ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu fili ne mai faɗi, kuma gwani shi ne mai zagaya shi bai taka layi ba.

Abin sha'awa, wani binciken Amurka ya zo ya goyi bayan majalisar mai shayi. Robert Provine na Jami'ar Maryland ya bar ɗakin gwaji ya shiga kantuna da tituna da almajiransa, suka rubuta dariya 1,200 da abin da aka faɗa kafin kowace ɗaya. Ya tarar ko kashi 20 cikin 100 ba su biyo bayan wani abu mai kama da labarin ban dariya ba, yawancinsu bayan magana ce ta yau da kullum. Ya kuma tarar mai magana ya fi mai sauraro dariya, kuma mutum ya fi yin dariya cikin jama'a har ninki 30 bisa yadda yake yi in yana shi kaɗai. Ma'ana, dariya harka ce ta zaman tare kafin ta zama harkar hikimar baki. Shi kuwa Richard Wiseman na Ingila, a 2001 ya buɗe gasar neman labarin da ya fi kowane ban dariya a duniya, aka aiko masa da fiye da 40,000, aka kaɗa ƙuri'a wajen miliyan ɗaya da rabi, a 2002 wani labarin maharba biyu ya ci. Wanda duk ya fassara labarin nan ya kai shi Kasuwar Jimeta zai ga yadda ake kallon mutum a yi shiru.

Kada mai karatu ya ɗauka duk wannan zancen hira ne kawai. A wuri irin Adamawa, mai ƙabilu da harsuna barkatai, iya wasa da iya ɗaukarsa kayan aiki ne kamar takardar shaida. Malamar asibitin da za ta yi wa tsohon da bai taɓa yarda mace ta taɓa shi ba allura, in ta ce masa, "Baba, kai da ka yi kokawa da bijimi kake tsoron wannan ɗan tsinke?" ta gama rabin aikinta. Ɗan sandan da aka turo daga wata jiha, da malamin makarantar da aka kai ƙauyen da ba ya jin harshensu, da alƙalin da ke sasanta manomi da makiyayi, kowannensu yana bukatar ya san inda kalma mai sauƙi za ta kwance abin da doka ba ta kwancewa. Da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya, in ji Hausawa, amma ba wawa kaɗai ba, har sarki. Don haka ne fadodin ƙasar Hausa suka ajiye wawan sarki, mutum guda da aka yarje wa ya faɗi abin da waziri ba zai iya faɗa ba. Duk da haka babu wata hukumar ɗaukar ma'aikata da ke tambayar wannan. Ana duba takardu, a duba tsawo da faɗin ƙirji, a tura mutum cikin jama'a da fuska kamar an aiko masa da mutuwa.

An ga ranar wannan hali a ƙarshen 2014. Da 'yan Boko Haram suka kama Mubi a watan Oktoba na shekarar, dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo Yola da Jimeta daga Madagali da Michika da Mubi da Hong, wasu ma daga Borno. An buɗe sansani a Damare da Malkohi da Fufore, cocin Katolika na Saint Theresa da masallatai suka ɗauki nasu, amma mafi yawan mutanen gidajen jama'a suka shiga. Gidan da aka gina don mutum goma ya koma ɗauke da ninkin haka, bayi ɗaya, murhu ɗaya, ga yara, ga baƙin ciki, ga rashin sanin ranar komawa. Duk wanda ya taɓa saukar baƙi na wata guda ya san cewa hatsi kaɗai ba ya riƙe irin wannan zama. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mai gidan da ya iya cewa baƙonsa, "Kai dai ka zo ka cinye mini rumbu," har baƙon ya yi dariya ya rama, ya sauke masa nauyin jin cewa shi kaya ne. Wannan ita ce raha ta biyu a lissafin Martin, mai sa a ɗauki wahala da sauƙi, sai dai a nan mutum biyu ne suke ɗaukarta tare.

Amma fa kada a ɗora wa wasa abin da ba zai iya ɗauka ba. Akwai masu tashi a taron zaman lafiya su ce da an riƙe barkwanci irin na kakanni da ba a zub da jini ba. Wannan magana tana da daɗin ji, tarihi kuwa bai goyi bayanta duka ba. Fulani da Tibi abokan wasa ne na asali, har akwai tatsuniyar da ke cewa Bafulatani ya ba Batibi ajiyar shanu, da ya dawo ya tambaya aka ce masa an ci. Wasan nan bai hana abin da ya faru a Jihar Binuwai ba a shekarun nan, har tatsuniyar da ake dariya da ita ta koma abin da ake faɗa da ɗaci. A ƙasar Numan ma, inda Stevens ya yi nazarinsa, an yi kashe-kashe tsakanin Bachama da Fulani makiyaya a watannin Nuwamba da Disamba na 2017, mata da yara suka hallaka, ƙauyuka suka ƙone. Inda gona da burtali da mashaya suka yi kaɗan, kuma hukuma ta yi barci, wasa shi ne abu na farko da ke mutuwa. Saboda haka ya fi kyau a ɗauke shi a matsayin ma'aunin zafi irin na asibiti. Ranar da aka ga abokan wasa biyu sun haɗu a kasuwa sun gaisa da ladabi, babu wanda ya kira wani bawa, ranar ce ya kamata hakimi ya tashi tsaye.

Wata sabuwar matsala kuma ita ce wayar hannu. Wasan taubasai yana da shaidu, ana ganin fuskar mai yi, an san kakansa, an san iyakarsa. Yanzu kuwa yaro zai ɗauki irin maganar nan ya rubuta a Facebook ko ya yi hoton bidiyo ya watsa, ta faɗa hannun mutum dubu da ba su san shi ba, ba su san akwai wata taubasantaka a tsakani ba. Abin da ya rage a rubuce zagi ne kawai. Marigayi Usman Baba Pategi, watau Samanja, wanda ya rasu a 2023, ya shekara da shekaru yana kwaikwayon Hausar barikin soja a rediyo da talabijin, sojoji kuwa su ne suka fi kowa sonsa, don shi ma tsohon soja ne, daga cikin gida yake wasan. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamba 2014, ya kwaikwayi ƙabilu da masu sana'a iri-iri, yawanci kuma kansa yake fara mayarwa abin dariya kafin ya taɓa wani. Masu kwaikwayonsu na waya da yawa sun ɗauki tsokanar sun bar wannan sharaɗi.

Maƙwabta a Jamhuriyar Nijar sun ɗauki abin da muhimmanci har suka kai shi gaban hukumar UNESCO, wadda ta sa wasan barkwancin ƙasar cikin jerin al'adun duniya da ya wajaba a kiyaye a 2014. A Yola kuwa akwai Jami'ar Modibbo Adama, da Jami'ar Amurka ta Nijeriya, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, kowace da ɗalibai masu neman abin da za su rubuta a shekarar ƙarshe. Maimakon a ɗauko jimlolin Kanada 32 a raba wa 'yan aji da Turanci a ce an yi bincike, ana iya zama da dattawan Yola da 'yan kasuwar Jimeta da mutanen Numan a tsara wasu tambayoyin cikin Fulatanci da Hausa da Bachama. A tambayi mutum su wane ne abokan wasansa, da yaushe rabon da ya yi wasa da ɗayansu. A tambaye shi abin da ya yi ran da aka tsokane shi a gaban jama'a. Sa'an nan, tun da Allport ya riga ya nuna cewa ba a yarda da shaidar mutum a kan kansa, a je a tambayi taubashinsa, da matar wansa, da mai shayin unguwarsu. In aka maimaita wannan a gundumomi ɗaya bayan kowace shekara biyu ko uku, Gwamnatin Jiha za ta sami taswirar da ke nuna inda wasa yake raye tsakanin ƙabilu da inda ya fara yin sanyi, kuma kuɗin aikin ba zai kai na motar kwamishina guda ba.